Ƙiba Kaɗan, Ciwon Zuciya Birjik: Bin Sawun Abin da ke Faruwa a Kura da Bunkure

A shekarar 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da babban binciken lafiyar iyali, aka bi gida-gida a duk jihohin Najeriya ana auna tsawo da nauyin mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Sakamakon ya raba ƙasar gida biyu. A ƙasa baki ɗaya, mata 28 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima. A shiyyoyin kudu uku kusan 4 ne cikin 10. A Arewa maso Yamma kuwa ba su kai 2 cikin 10 ba. Tun da kowa ya san ƙiba na gaba-gaba wajen jawo hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya, wanda ya ga wannan lissafi sai ya ce mu nan mun tsira.

In kuma za a zaɓi wuri guda a ƙasar Kano da ya kamata zuciya ta zauna lafiya, to yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, ruwa ke gangarowa ta manyan magudanai zuwa dubban hekta na gonaki a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Aiki ba ya yankewa a nan. Ana gama yankan shinkafar damina sai dashen tumatir da albasa, sai alkama, sai masara, sai kuma shinkafar rani. Mutum na wuni a sunkuye cikin taɓo. Kayan lambu kuwa, daga kasuwar Kwanar Gafan ake loda su zuwa Legas. Ga motsa jiki, ga ganye, ga ƙarancin ƙiba: duk abin da likitan zuciya ke roƙon mutanen birni su yi, nan shi ne rayuwar yau da kullum.

Amma ka zauna a majalisar kowane gari a kan titin Zariya, daga Karfi har Kadawa, ka kawo zancen hawan jini. Za a lissafa maka wanda ya yanke jiki ya faɗi a gona, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana jan ƙafa zuwa masallaci, da yarinyar da ta haihu lafiya, kafin arba'in ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gagare ta, aka yi Kano da ita. Da yawansu ba masu jiki ba ne. Wasu ma ramammu ne. To ina ciwon ya biyo ya shigo?

Abin da ya fara kamata a tambaya shi ne, wane irin ciwon zuciya ake magana a kai, domin ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi kashe mutanen Turai da Amurka shi ne toshewar jijiyoyin da ke shayar da ita kanta zuciyar, kitse ya taru a bangonsu shekara da shekaru har rana ɗaya hanya ta rufe. A 2012 aka buga wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 9 a kan marasa lafiya 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya, kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na cikin waɗanda suka yi aikin. Toshewar jijiya ba ta kai kashi 8 cikin 100 ba. Hawan jini shi kaɗai ya ɗauki kashi 45. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar 52 ne, alhali a Turai sai mutum ya doshi 70 ake ganin irin wannan. Ke nan namu ciwon ba na kitsen jijiya ba ne tukuna. Zuciya ce ke ta tunkuɗa jini cikin jijiyoyin da suka matse, naman jikinta ya yi kauri, daga baya ya saki, ruwa ya fara taruwa a huhu da ƙafafu. Kuma tana gazawa ne lokacin da mutum ke tsakiyar ƙarfinsa, yana da 'ya'ya ƙanana.

Tambayar ta sauya ke nan: me ke hawar da jinin mutanen da ba su da ƙiba?

Akwai masu cewa halittar baƙar fata ce, ba yadda za a yi. An gwada wannan magana. Richard Cooper na Jami'ar Loyola da ke Chicago da abokan aikinsa sun auna jinin baƙaƙen fata a Najeriya da Kamaru, da tsibiran Karibiyan, da Amurka, mutanen da kakanninsu ɗaya ne kafin cinikin bayi ya raba su. Sakamakon da suka fitar a 1997 ya nuna masu hawan jini kashi 16 ne a Afirka ta Yamma, 26 a Karibiyan, 33 a Amurka. Asali ɗaya, jini daban-daban. Abubuwa biyu suka fi bayyana bambancin: nauyin jiki, da yawan gishiri a abinci idan aka gwama shi da sinadarin fotasiyam da ake samu a ganye da wake da 'ya'yan itace. Yau ƙididdiga daban-daban na sa masu hawan jini a manyan Najeriya wajen kashi 30 ko fiye. Halitta ba ta sauyawa a shekara talatin. Abin da ke cikin kwano da yadda ake wuni su ne suka sauya.

Mu koma ga nauyin jiki, domin wancan lissafi na 2 cikin 10 yana ɓoye wani abu. Matsakaici ne na shiyya guda, an haɗa mai yunwa da mai ƙoshi an raba. Noman rani bai bar mutanen Kura a layi ɗaya ba. Akwai 'yan ƙwadago masu dashe da yanka da bugu, waɗanda har yau ba ka ganin tsoka ta banza a jikinsu. Akwai kuma rukunin da shinkafa ta haifar: dillalan shanshera, masu injinan casa da suka cika garin Kura, masu shagunan taki da maganin feshi, direbobin manyan motoci, da manyan manoman da yanzu sai dai su zagaya gona a kan babur su ba da umarni. Mutumin da ya shekara ashirin yana cin tuwo na mai noma, ran da ya ajiye fartanya ba ya rage lomarsa. Sai ma a ƙara masa nama da lemon kwalba da shayi mai kauri. Hannuwansa da ƙafafunsa na nan yadda suke, tumbi ne kawai ke fitowa, babbar riga ta rufe. Jama'a kuma su taya shi murna: "Alhaji, ka yi kyau, hutu ya karɓe ka." In ka ɗora shi a sikeli, mai yiwuwa nauyinsa bai kai a kira shi mai ƙiba ba. Amma kitsen da ke cikin ciki, wanda ya naɗe hanta da hanji, ya fi na cinya da ɗuwawu haɗari nesa ba kusa ba, shi ke rikita aikin insulin mai sarrafa suga, ya hawar da jini. Shi ya sa likitoci ke cewa awon ƙugu ya fi sikeli faɗar gaskiya: zagayen cikin mutum kada ya wuce rabin tsawonsa. Igiya ma ta isa yin wannan awo. A auna tsawo, a ninka ta biyu, a ga ko za ta zagaye ciki daidai cibiya.

Cewa zama na cutar da zuciya, an daɗe da tabbatar da shi, kuma a kan ma'aikata biyu da ke cikin mota ɗaya. A 1953 wani likita mai suna Jerry Morris ya bi lafiyar ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan. Direba na zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala ɗaruruwan sau. Bugun zuciya ya fi kama direbobin da nisa. Da aka ce ai direbobin sun fi jiki ne, sai ya koma ya binciko girman ƙugun wandunan aiki da kamfani ke raba musu. Direbobi sun fi faɗin ƙugu, gaskiya ne, amma ko an haɗa masu wando iri ɗaya, kwandasta ya fi tsira. Wannan shi ne dillali da ɗan dakonsa a kasuwar shinkafa. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa baligi na bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsin da ke sa numfashi ya ɗan hau. Ɗan ƙwadago na cika wannan kafin azahar ɗin ranar farko. Mai shago na iya wata bai cika ba. Haka matar da ke kulle, wadda injin niƙa da na surfe suka ɗauke mata daka, ga haihuwa a jere kowacce na barin nata nauyin. Mata masu turara shinkafa su kam suna motsi, sai dai suna wuni a bakin hayaƙin itace, shi ma kuma yana cikin abubuwan da aka san suna lahanta zuciya da huhu.

Da an tsaya nan, sai a ce an gano: masu zama su ne ke ciwo, masu aiki sun kuɓuta. To amma ɗan ƙwadagon ma ana auna shi a samu jininsa 160 bisa 100. Kuma akwai wani bincike da ke hana mutum dogara ga aiki kaɗai. Amy Luke, ita ma ta Loyola, ta gwada mata 149 a wata karkara ta ƙasar Yarbawa da baƙaƙen mata 172 a Chicago. Na Najeriya matsakaicin nauyinsu wajen kilo 58 ne, na Chicago 83. Kowa ya ɗauka na karkara sun fi ƙona kuzari ta hanyar aiki. Da aka auna, aka yi la'akari da girman jiki, ba a ga wani bambancin kirki ba. Abincinsu ne ya sha bamban. Wato motsi na kare zuciya, amma batun ƙiba da rama, yawancinsa a kwano ake yanke shi.

Sai mu leƙa kwanon. Kafin ruwan Tiga, abincin wannan ƙasa gero ne da dawa, fura da tuwo, miyar kuka ko kuɓewa da daddawa. Shinkafa ta ranar salla ce da biki. Yanzu ita ce safe, ita ce rana: garau-garau, dafa-duka, shinkafa da mai da yaji, a canza da taliya. Shinkafar da aka turara kafin a cashe ta ta fi wadda aka goge ɗanya riƙe amfaninta, wannan sa'a ce ga mutanen Kura, amma duk da haka ba ta kai gero da dawa dusa ba, kuma ta fi su saurin hawar da suga a jini.

Abin da ya fi damuna ba shinkafar ba ce, abin da ake zuba mata ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Ɗunkulen magi kusan rabin nauyinsa gishiri ne. A jefa huɗu ko biyar a tukunya, a ƙara gishiri, a kawo yajin da shi ma an daka shi da gishiri da farin magi, a barbaɗa a kai. Ga kanwa a ɗanwake da wake da kunu, wadda ita ma sodiyam ce, sinadarin nan na cikin gishiri da ke riƙe ruwa a jiki. Talaka ya fi kowa faɗawa wannan, domin in ba nama ba kifi, ɗunkule ne kaɗai zai ba miya ɗanɗano. Gishiri bai damu da ko kana da tumbi ba. Ramamme ma yana hawar masa da jini.

To ina kayan lambun da ya kamata su rage wannan ɓarna? Suna kan mota. Manomin da ya ci bashin iri da taki ba ya kallon kwandon tumatir a matsayin abinci. Kuɗin biyan bashi ne. Mai kyau ya tafi kasuwar Mile 12 ta Legas, wanda ya fara laushi a yanka a shanya ya zama kauɗa, gida ya samu na miya. Daga Janairu zuwa Afrilu akwai wadata, da damina ta kankama sai tumatir ya fi ƙarfin wanda ya noma shi. Giram 400 na ganye da 'ya'yan itace da ake so mutum ya ci kullum, ɗan jajjagen da aka soya cikin mai bai kama ƙafarsa ba. Kuma wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Babban binciken shanyewar ɓarin jiki da aka yi a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya gwada marasa lafiya 2,118 da takwarorinsu masu lafiya. Hawan jini ne ya zo kan gaba da rata mai yawa. A cikin sauran abubuwan da aka kama akwai faɗin ƙugu, da rashin motsi, da ƙara gishiri bayan an sauke abinci, da rashin cin koren ganye a kai a kai. Kwaɗon zogale da rama da fate mai alayyafo, waɗanda aka fara yi wa kallon abincin rashi, su ne kariyar da aka saki.

Saura mutum ɗaya da duk wannan bayani bai taɓa ba: mai jegon nan 'yar shekara ashirin, siririya, wadda ba ta yi shekarun da gishiri zai gajiyar mata da zuciya ba.

Nata labarin ya tsufa. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka lura cewa a ƙasar Zazzau wajen mace 1 cikin 100 na samun gazawar zuciya bayan haihuwa, adadin da ba a san irinsa ba a duniya. Suka duba al'ada suka ga wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, ga kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, ga kunun kanwa. Suka ce zafi na buɗe jijiyoyi, kanwa na tara ruwa, zuciya ta kasa ɗauka. Bayanin ya zauna daidai, aka shekara talatin ana koyar da shi. Sai dai akwai abin da bai amsa ba: kusan kowace mai jego na yin wankan, me ya sa ɗaya ce ke faɗuwa, 99 su tashi lafiya? Kuma wankan ya yi ta sassauci, ciwon bai tafi ba. An sake samun adadi kusan iri ɗaya a Sakkwato da Kano.

Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya sake buɗe maganar. A binciken da ya buga a 2015 ya gwada masu ciwon da masu jego lafiyayyu a Kano, ya tarar duka ɓangarorin na yin al'adun, ba su ne suka raba su ba. Abin da ya raba su shi ne ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, kuma ƙarancin ya fi yawa ga matan karkara masu ƙaramin ƙarfi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga likitoci: tun 1935 aka san wani ciwon zuciya a gundumar Keshan ta ƙasar Sin, mai kama yara da mata masu haihuwa, wanda daga baya aka danganta da ƙasar noma marar seleniyam. Da aka faɗaɗa binciken Kano zuwa asibitoci da dama a faɗin Najeriya, abubuwan da suka fito su ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Rama, ba ƙiba ba. An daɗe an bar jaki ana dukan taiki. Ba ina wanke kanwa ba ne. Macen da jininta ya hau ko zuciyarta ta raunana, kunun kanwa ƙara mata nauyi zai yi. Amma ana iya hana ta kunun, in ba ta samu ƙwai da kifi da nama da wake tun tana da ciki ba, ba a taɓa tushen ba.

Daga nan ne zaren ƙarshe ya fito, wanda ya ɗaure mai jego da Alhaji mai tumbi wuri guda. Binciken nan na 2018 da ya ce matanmu ba su da ƙiba, shi ne kuma ya ce fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A 1986 David Barker na Jami'ar Southampton ya ɗora taswira biyu ta Ingila da Wales a kan juna, ya ga yankunan da jarirai suka fi mutuwa saboda talauci tsakanin 1921 da 1925, su ne suka fi mutuwa da ciwon zuciya tsakanin 1968 da 1978. Ya bi tsofaffin littattafan ungozomomi na gundumar Hertfordshire, ya tarar waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya da suka girma. Dalili ɗaya da aka fahimta shi ne ƙoda: 'yan matatun da ke cikinta tun a ciki ake gama ƙirarsu, ba a ƙara ko ɗaya bayan haihuwa. Ɗan da uwarsa ba ta ƙoshi ba yakan fito da kaɗan, ya rayu da ƙodar da ba ta iya fitar da gishiri sosai. Bincike a Helsinki ta ƙasar Finland ya ƙara da cewa mafi shiga haɗari shi ne wanda ya fara rayuwa a rame, daga baya ya yi nauyi da sauri.

Wannan shi ne tarihin mutane da yawa a Kura da Bunkure. An haife su a shekarun fari na 1973 ko 1984, ko a gidan da hatsi ke ƙarewa kafin kaka. Suka girma, shinkafa ta kawo kuɗi, suka sauka daga gona suka hau benci, ɗunkule ya maye gurbin daddawa. Irin wannan jiki ba sai ya kai ƙibar mutumin Fatakwal ba kafin jininsa ya hau. 'Yar teɓa kaɗan ta ishe shi. Ƙarancin ƙibar da lissafi ya nuna, wani kaso nasa lafiya ce ta masu aikin ƙarfi, amma kaso mai yawa yunwa ce, kuma yunwar na kai mutum gadon asibitin da ƙiba ke kai wani, ko dai kai tsaye kamar mai jego, ko bayan shekara arba'in.

Hawan jini ba ya ciwo, don haka jiran ciwon kai ko jiri kafin a je awo kuskure ne. Wanda ya wuce shekara 30, mai jiki ne ko siriri, ya miƙa hannu a auna shi a asibitin garinsu ko kemis. In aka samu 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban, ya ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya ji sauƙi, domin sauƙin na maganin ne. Mai jego kuwa, in ta fara haki daga ɗan motsi, ko ta kasa kwanciya sai an tada ta da matasai, ko tari ya hana ta barci, ko ƙafafu suka kumbura, kada inna ko gwaggo su ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wa ruwan wanka wuta. A kai ta asibiti a ranar, a nemi a yi mata hoton zuciya. Seleniyam ma, ko da yake gwajin da aka buga a 2020 ya nuna yana rage wa masu ƙarancinsa wahalar ciwon, ba abin saye a sha da ka ba ne, yawansa guba ne. Likita ne zai rubuta shi tare da sauran magungunan zuciya.